AA, AS, SS: Abin da Darasin Bayoloji na Farko Yake Faɗa Kan Takardar Gwajin Aure

Yaya aka yi takarda guda mai haruffa biyu ta isa ta rushe auren da aka riga aka kai kuɗin gaisuwa, aka sa rana, har 'yan mata sun fara kai ankonsu wajen tela? Kuma su haruffan nan, AA ko AS ko SS, me suke nufi a cikin jikin mutum?

Tambayar ta yawaita a Jos tun da limamai da dama suka fara cewa sai sun ga takardar asibiti kafin su ɗaura aure, ta kuma ƙara ƙarfi bayan da gwamnan Kano ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024. A majalisun Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos za ka ji ana ta kai ruwa rana. Wani ya ce jininsa O ne, don haka ba ruwansa da sikila. Wani ya ce in AS ya auri AS ɗa ɗaya ne kawai cikin huɗu zai kamu, to sai su tsaya a uku. Wata ta rantse ƙanwarta AS ce da, ta sha magani ta koma AA. Duka ukun kuskure ne, kuma amsar kowannensu tana cikin bayolojin da ake koyarwa daga aji huɗu na sakandare zuwa aji shida, wanda yawancinmu muka haddace don WAEC da NECO muka zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Ƙwayar halitta, inda komai yake farawa

Duk abu mai rai, daga ƙwayar cutar kwalara zuwa bishiyar kuka zuwa ɗan Adam, da ƙwayoyin halitta aka gina shi, abin da ɗalibai ke kira sel. Wani ƙwaya ɗaya ce tak duk jikinsa, wani kuma tari ne. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan tiriliyan 30. Baturen Ingila Robert Hooke ne ya fara bayyana su a 1665, da ya leƙa ɓawon wata bishiya ta madubin ƙara girma ya ga ƙananan ɗakuna jere.

Ɗalibin da makarantarsa ke da madubin zai iya ganin irin wannan da albasar miya. Ana ɓare siririyar fatar nan mai kama da leda da ke cikin ɓawon albasa, a shimfiɗa ta a kan gilashi, a ɗiga mata ruwan aidin, a rufe, a leƙa. Abin da zai bayyana layi-layi ne na dogayen ɗakuna manne da juna, kowanne da ɗigo mai duhu a ciki. Wannan ɗigon shi ne cibiyar ƙwayar, kuma a nan ake ajiye kusan duk abin da ake gado.

Jini ma ƙwayoyi ne ke iyo a cikin ruwa. Akwai farare masu yaƙi da cuta, akwai ƙananan gutsattsari masu sa jini ya daskare idan an ji ciwo, sai jajaye waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba. A cikin ɓargo ake ƙera su. Jajayen kuwa aikinsu ɗaya ne: su ɗauko iskar oksijin daga huhu su kai wa kowane lungu na jiki. Kowace ɗaya cike take da wani sinadari mai suna himogulobin, shi ke riƙe iskar, shi ne kuma ke ba jini launin ja. Lafiyayyar jar ƙwaya zagayayya ce, mai ɗan lotsawa a tsakiya, mai laushi, tana iya lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta ta fito ta koma yadda take. Tana yin kwana 120 tana wannan zirga-zirga kafin saifa ta tsince ta a sake wata.

Rubutun da ke cikin cibiya

A cikin cibiyar ƙwayar halitta akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom. Ɗan Adam yana da 46, a jere bibbiyu, wato tagwaye 23. A kowane tagwai, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. Ba wanda ya fi wani ba da yawa. Maniyyin namiji yana ɗauke da 23, ƙwan mace yana ɗauke da 23, suka haɗu suka ba da 46 ɗin jariri.

Kowane zare dogon sinadari ne mai suna DNA, wanda James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a 1953, suna dogaro da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, suna ta maimaituwa har kusan biliyan 3 in an haɗa zaruruwa 23. Wani yanki na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda shi ake kira ƙwayar gado. Muna da kimanin 20,000. Tunda kuromosom bibbiyu suke, kowace ƙwayar gado ma kwafi biyu mutum yake da ita, ta uwa da ta uba.

To jinotayif ba komai ba ne illa waɗannan kwafi biyun da mutum ya gada na wani abu guda. Mutum yana da jinotayif na abubuwa dubbai, amma a bakin mutanen Najeriya in an ce jinotayif, na himogulobin ake nufi. Ƙwayar gadon da ake magana a kai tana kan kuromosom na 11. Wanda ya karɓi A daga uwa da A daga uba shi ne AA. Wanda ya karɓi A daga ɗaya, S daga ɗaya shi ne AS. Wanda ya karɓi S ta ɓangarori biyu shi ne SS, mai amosanin jini, wato sikila.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi wata magana da dangin miji ba su cika son ji ba. Babu yadda za a yi yaro ya zama SS ta wajen uwa kaɗai. Duk gidan da aka haifi SS, uban ma yana ɗauke da S, ko ya sani ko bai sani ba. Matan da aka saka, ko aka yi wa kishiya da gorin sun kawo ciwo cikin dangi, an ɗora musu rabin kayan da ba nasu ba. Haka ma zancen haihuwar 'ya'ya mata. Tagwai na 23 shi ke raba jinsi: mace XX ce, namiji XY. Ƙwan uwa X kawai yake iya bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. In dai za a tuhumi wani a kan haihuwar mata zalla, to ba matar ba ce.

Harafi ɗaya tak

Bambancin A da S ƙanƙane ne har abin ya ba mutum mamaki. A wani gurbi a cikin ƙwayar gadon himogulobin, inda aka saba samun GAG, sai aka samu GTG. Harafi guda ya sauya. Wannan ya sa a cikin jerin tubala 146 da ke gina wannan sashe na himogulobin, na shida ya zama wani daban. Vernon Ingram ne ya gano hakan a Kambirij a tsakiyar shekarun 1950, bayan Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa matsalar a jikin himogulobin ɗin kanta take. Kafin su, wani likita a Chicago, James Herrick, ya bayyana ciwon a rubuce a 1910, bayan ya ga baƙin ƙwayoyi a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada. Mu kuwa a nan mun daɗe da sanin ciwon, suna ne kawai ya bambanta. Wasu su ce amosani ne, wasu su ce sanyin ƙashi, wasu su ce iska ce. Da yawa cikin yaran da ake cewa 'yan wabi, ana haihuwa suna komawa, da an gwada jininsu da an ga dalili.

Ga abin da harafin ke jawowa. Himogulobin S tana aiki lafiya muddin tana riƙe da oksijin. Da zarar ta sauke shi, sai ƙwayoyinta su fara manne wa juna suna yin dogayen sanduna a cikin jar ƙwayar jini, su tanƙwara ta ta koma siffar lauje, ta yi tauri, ta yi danƙo. Irin wannan ƙwaya ba ta ratsa siraran jijiyoyi. Sai ta maƙale, na bayanta su taru a kanta, hanya ta toshe, naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne tashin ciwon da ke sa babban saurayi ya riƙa birgima yana kuka da ƙashin baya ko ƙirji ko gwiwa. Sannan ƙwayar ba ta daɗewa, kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Ɓargo ba ya iya cike gurbin da sauri, shi ya sa jini ke ƙaranci kullum, ido ya yi rawaya kamar mai shawara, yaro ya riƙa gajiya, girmansa ya yi jinkiri.

Shi kuwa AS, fiye da rabin himogulobin ɗinsa A ce, kuma ta isa ta hana sandunan haɗuwa a yanayi na yau da kullum. Shi ya sa yake rayuwarsa garau, ya yi noma, ya buga ƙwallo, ya shiga soja, bai san yana ɗauke da komai ba. AS ba ciwo ba ne, ba kuma rabin ciwo ba ne. Ajiya ce da zai iya miƙa wa ɗansa.

Akwai kuma harafi na uku da ake mantawa da shi, wato C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Ghana, ana kuma samunsa a Najeriya musamman ƙasar Yarbawa. Mai AC lafiyarsa ƙalau, amma in S da C suka haɗu a jikin yaro ya zama SC, shi ma sikila ce, ko da yake sau da yawa ba ta kai ta SS tsanani ba. Don haka AS da AC ma akwai magana a tsakaninsu.

Lissafin ɗaya cikin huɗu, da inda ake kuskurensa

Wanda ya fara gano ƙa'idar gado wani malamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke Jamhuriyar Cek ta yau. Shekaru ya yi yana barbarar waken Turawa a lambu yana ƙirga abin da ya fito, ya wallafa sakamakon a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, bayan ya daɗe da mutuwa. Abin da ya gano shi ne kowane mahaifi kwafi ɗaya yake bayarwa cikin biyun da yake da su, kuma ba shi ke zaɓa ba.

A ɗauki miji AS da mata AS. Rabin maniyyinsa na ɗauke da A, rabi S. Ƙwayayenta ma haka. Hanyoyin haɗuwa huɗu ne: A ɗinsa da A ɗinta su ba da AA, A ɗinsa da S ɗinta su ba da AS, S ɗinsa da A ɗinta su sake ba da AS, S ɗinsa da S ɗinta su ba da SS. Daga nan aka samo ɗaya cikin huɗu.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne shi kaɗai. Ciki na biyu bai san abin da na farko ya haifar ba. Ba layi ake bi ba, balle a ce na huɗu ne zai zo da ciwon, a tsaya a uku. Ɗan fari na iya zama SS, mai bi masa ma haka. Wani gidan kuma a haifi shida ba ko ɗaya. Duk wanda ya iya lissafin sakandare zai iya bin sawun wannan: damar tsira a ciki ɗaya uku cikin huɗu ce, a ninka ta da kanta sau huɗu, sai ta ba da 81 cikin 256, wato kusan kashi 32 cikin 100. Ma'ana, a cikin ma'aurata AS da AS masu 'ya'ya huɗu, kusan kashi 68 cikin 100 za su sami aƙalla mai sikila ɗaya. In 'ya'yan shida ne, abin ya haura kashi 82. A al'ummar da haihuwar shida ko bakwai ba abin mamaki ba ce, ɗaya cikin huɗu ba ƙaramin lamba ba ne kamar yadda yake sauka a kunne.

Wannan lissafi ne kuma ke bayyana gidan da ake yawan kafa hujja da shi, a ce ai su wane AS da AS ne, ga 'ya'yansu nan biyar lafiya lau. Gaskiya ne, ana samu. Suna cikin waɗanda lissafin ya ce za su tsira. Su ake gani a wajen biki. Waɗanda ba su tsira ba suna ɗakin yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo, ko suna yawon neman wanda zai ba da jini cikin dare.

Sauran haɗe-haɗen ba su da wuya. AA da kowa ba za su haifi SS ba. AA da SS duk 'ya'yansu AS za su zama, lafiyayyu. AS da SS rabi da rabi ne a kowane ciki. SS da SS duka SS.

"Ai ni O ne"

Rukunin jini daban, jinotayif daban, ko ƙwayar gadonsu ba a kuromosom ɗaya take ba. Rukunin A da B da AB da O, tsarin da Karl Landsteiner ya fara ganowa a Vienna a 1901, magana ce ta wasu alamomi da ke bayan jar ƙwayar jini, daga waje. Amfaninsa a san jinin wa za a ƙara wa wa. Jinotayif kuwa magana ce ta himogulobin da ke cikinta. Mai O na iya zama AA ko AS ko SS. A ɗin rukunin jini da A ɗin jinotayif harafi kawai suka haɗa.

Abin da ya shafi aure a rukunin jini shi ne alamar tarawa ko ɗebewa da ake sawa a gaba, wadda ake kira Rhesus. Mace mai ɗebewa in ta ɗauki cikin jariri mai tarawa, jikinta na iya ɗaukar jininsa a matsayin baƙo ya haɗa makaman yaƙarsa, abin ya shafi cikin da zai biyo baya. Wannan ba ya hana aure. Allura ce ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, in an san da zancen tun wajen awo.

Me ya sa abin ya yi mana yawa?

Najeriya ce kan gaba a duniya a yawan masu sikila. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. In ka bi lissafin za ka ga yadda abin yake: ɗaya cikin huɗu sau ɗaya cikin huɗu, aure ɗaya cikin 16 ke nan AS da AS ne in ba a duba ba, kwatan 'ya'yansu kuma SS, wato jariri ɗaya cikin 64.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke kashe yara tun kafin su kai aure ya kamata a ce ya ƙare da kansa cikin ƙarnoni, amma bai ƙare ba, kuma sauro ne dalili. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna a 1954 cewa yaran AS sun fi na AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ƙwayar cutar maleriya a cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa, kuma ba ta jin daɗin zama a jinin AS. A ƙasar da zazzaɓi ke ɗauke yara, 'yan AA da yawa sun tafi da zazzaɓi, 'yan SS sun tafi da sikila, 'yan AS suka rayu suka hayayyafa suka miƙa S gaba. Shi ya sa taswirar sikila ta bi taswirar maleriya: Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, sassan Indiya, gabashin Saudiyya, har wasu yankunan Girka da Italiya. Ɗalibin da ke neman misalin yadda muhalli ke tace halittu ba sai ya je tsibiran Galapagos, inda Charles Darwin ya yi nazarin halittu, ba.

Kada dai mai AS ya ji haka ya yar da gidan sauro, yana kamuwa, tsananin ne ke raguwa. Ga mai SS kuwa zazzaɓin na cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo.

Auren zumunci fa? Shi ba ya ƙirƙirar S. Amma 'yan uwa daga kaka ɗaya suka ɗebo gado, don haka in akwai S a gidan, damar ɗan wa da 'yar ƙane su haɗu a kanta ta fi ta bare. Gwajin ya fi zama dole a irin wannan aure, kuma a nan ne aka fi jin nauyin nemansa.

Jinotayif yana canzawa?

Ba ya canzawa da rubutu ko sassaƙe ko wani ƙarin abinci da ake tallarsa a Facebook. Rubutun DNA yana cikin cibiyar ƙwayoyin ɓargo, kuma abin da aka sha ba ya zuwa can ya gyara harafi. Abin da ke canzawa sakamakon gwaji ne, kuma dalilan sanannu ne.

Gwajin da aka fi yi a nan, ana fasa ƙwayoyin jinin ne a ɗiga a kan wata 'yar takarda mai laima, a sakar mata lantarki. Kowace irin himogulobin da saurin tafiyarta: A ta yi gaba, S na biye, C can baya. Mai gwajin zai duba inda layukan suka tsaya ya kwatanta da jinin da aka riga aka san irinsa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ko sinadarin ya tsufa, ko ba a sa jinin kwatance ba, ko aka sauya kwalabe, sai a rubuta wa AS cewa AA ne. Akwai kuma wani gwaji mai arha da ke nuna akwai S ko babu kawai, ba ya raba AS da SS. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ma sakamakonsa na iya ruɗarwa, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Sai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: akwai masu sayen takarda. Saurayi ya ga aure zai kuɓuce, ya lallaɓa a rubuta masa AA. Limamin ya yaudara, ƙwan da maniyyin ba su karanta takarda.

Shawarar da ta fi ita ce a yi gwajin sau biyu a wurare daban-daban, ɗaya a babban asibiti, kuma wani daga dangin kowane ɓangare ya raka.

Masu cewa a hana, da masu cewa a bar wa Allah

Hirar takan tafi kamar haka a tsakar gida. "Kai ɗan nan, mu da aka aurar da mu ba takarda ba komai, ba ga ku nan ƙatti ba?" Shi kuma ya ce, "Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya, cikin 'yan uwan Baba nawa ne suka rasu suna yara?" Sai a yi shiru, a fara ƙirga da yatsu.

Masu cewa rai da ciwo na Allah ne ba su yi ƙarya ba, amma malamai da yawa sun amsa musu da hadisin mai raƙumi, wanda aka ce masa ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ta ɗaya ɓangaren akwai masu son doka ta haramta auren AS da AS kai tsaye. Hujjarsu ita ce wanda zai sha wahalar ba ya wurin balle a tambaye shi. Masu ja da su na cewa tilas na iya ƙara cinikin takardun bogi, ya kuma sa a riƙa ɗaura aure a ɓoye.

A ganina duka ɓangarorin suna gardama ne a kan lokacin da bai dace ba. Matsalar gwajin da muke yi ita ce ana yinsa saura mako biyu biki, bayan shekara uku ana soyayya, an kai lefe, iyaye sun zama surukai a baki. A wannan gaɓar gaskiya ta yi tsada, shi ya sa ake sayen ƙarya. Da a ce kowane ɗalibi a Filato yana sanin jinotayif ɗinsa a shekarar da aka koya masa darasin gado, ya zana akwatin nan mai gida huɗu da ake lissafin hanyoyin haɗuwar gado a cikinsa da haruffansa na kansa, da tambayar za ta zo a farkon zance, lokacin da rabuwa ba ta kai a kwanta asibiti ba.

Akwai kuma waɗanda wannan wayar da kai ke takawa ba a lura ba, su ne masu sikilar kansu. Yadda ake maganar a rediyo da wa'azi, wani lokaci sai ka ce su kuskure ne da aka yi. Budurwa SS takan rasa mijin aure ko da mai nemanta AA ne, alhali ba za su haifi mai sikila ko ɗaya ba. Zancen cewa ba sa wuce shekara 20 ma ba ƙa'ida ba ce. Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda ta Legas ta rayu da sikila har shekara 94 kafin rasuwarta a 2020.

Yaron da aka riga aka haifa

Jariri SS yakan fito ɓul-ɓul ba alamar komai, saboda a watannin farko jininsa cike yake da wata himogulobin ta zaman ciki, F, wadda ba ta yin sanduna. Tana raguwa ne a hankali, S na maye gurbinta, sai wajen wata shida abin ya fara bayyana. Alamar farko sau da yawa kumburin bayan hannu da na ƙafa ne, yatsu su yi suntum, da zafi, yaro ya ƙi a taɓa shi, a yi ta zaton targaɗe ne ko kambun baka. Da an gwada shi tun yana jariri da an fara kare shi da wuri, domin saifar irin waɗannan yara tana lalacewa tun suna ƙanana, cututtukan da wani yaro zai shanye su kan kayar da su cikin sa'o'i. Shi ya sa likitoci ke ba su penisilin kullum har shekara 5, da folik asid, da maganin kariya daga zazzaɓi, da cikakken rigakafi, suke kuma cewa in jiki ya yi zafi a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya kemis.

Jos na da nata ƙarin. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 10. Sanyi na tsuke jijiyoyi, iskar hunturu na busar da jiki, yaro kuma ba ya jin ƙishirwa balle ya sha ruwa. Abubuwa uku ke nan da ke taimaka wa ƙwaya ta maƙale. Wankan ruwan sanyi da asuba, tsayuwar asambuli ba rigar sanyi, hawa babur zuwa makaranta iska na dukan ƙirji, dukan ruwan sama a watan Agusta, duk iyayen masu sikila a garin nan sun san abin da ke biyo bayansu. Malamin da ya hana irin wannan yaro shiga aji da gorar ruwa, ko ya hana shi fita fitsari, bai san ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara ba.

Akwai maganin da ake kira hydroxyurea, wanda ke sa jiki ya ƙara ƙera himogulobin F ɗin nan ta jarirai, yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai. Warkewa gaba ɗaya kuwa sai an sauya ɓargon kansa. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai dai yana buƙatar ɗan uwa wanda jikinsu ya dace, da kuɗi masu yawa, ga haɗari. Ko wanda aka yi wa dashen ya warke, maniyyinsa ko ƙwanta na nan da S, zai iya gadar wa ɗansa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani sabon magani, Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, a gyara rubutun DNA ɗinsu a ɗakin bincike yadda za su koma ƙera F, a mayar masa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.